Ƙanina ya gama tirenin ɗin farko ya shiga makarantar koyon aikin soja, amma muryarsa ta canza

Yayar Kurtu

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar soja, musamman sojan ƙasa na Amurka, ina neman shawararku. Ƙanina ne autanmu ya shiga, ya gama tirenin ɗin farko na sati 10 lafiya lau, ranar da aka yaye su in kun ga yaron nan sai ya burge ku, ya rame kam amma bakinsa har kunne yana ta ba mu labarin harbi da doguwar tafiya da kaya a baya. Daga nan aka kwashe su zuwa makarantar da zai koyi ainihin aikin da ya sa hannu a kai, wadda suke ce ma AIT. Shi aikin jinya ya zaɓa, 68W, masu ba da agajin gaggawa ga wanda ya ji rauni a fagen daga.

To mu a tunaninmu wahala ta ƙare tunda har an maido mishi da wayarsa yana riƙewa da yamma. Amma wlh tunda ya je yaron nan ya yi sanyi. Lokacin da ake ba su gwale-gwale, kira sai jefi-jefi na 'yan mintoci, ya fi walwala a kan yanzu da muke samunsa kusan kullum. Yace har yau ba su fara aji ba, wai suna jiran a cika adadi, aikinsu shara da goge-goge da kwasar kaya da tsayuwa a layi ana ƙirga su. Ko kanti zai je a cikin barikin sai da abokin tafiya, ba ya fita shi kaɗai. Ya ga littafin da 'yan ajin gaba suke karantawa yace girmansa kaɗai ya karya mishi gwiwa, shi da dama Turancin nasa na yau da kullum ne ba na asibiti ba. Sannan yace ƙwaurinsa na dama yana mishi ciwo in suna gudun asuba amma ba zai faɗa ba don kar a maida shi baya.

Abin da ya ɗaga min hankali shi ne shekaranjiya da yace min wai yana ganin ko ya nemi a canza mishi aiki, ko kuma ma ya haƙura da sojan gaba ɗaya. Mama ta ji maganar nan yanzu ba ta barci, kullum sai ta kira shi sau ba adadi in bai ɗauka ba ta hau kuka. Shin haka abin yake ga kowa a farko ko dai akwai matsala? Ana canza aiki a wannan matakin? Kuma mu da muke gida me ya kamata mu dinga faɗa mishi, don ni gsky na rasa ta inda zan ɓullo.

Tsohon Saja

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki fara kwantar wa Mama da hankali, mafi yawan abin da kika lissafa ba baƙon abu ba ne. Ni harkar sadarwa na yi ba jinya ba, amma tsarin makarantun duk kusan ɗaya ne, na zauna a matsayin ɗalibi kuma daga baya na riƙe yaran da suka fito daga can.

Abin da iyalai ba sa ganewa shi ne tirenin ɗin farko da wahalar jiki yake zuwa amma ba ya barin mutum ya yi tunani. Daga buɗe ido har kwanciya akwai mai faɗa maka inda za ka tsaya da abin da za ka sa da mintocin da za ka ci abinci, kuma duk kuna cikin wuta ɗaya da yaran da kuka shigo tare, kun zama 'yan uwa ƙarfi da yaji. Ranar yaye sai a watsa ku. Mai igwa ya nufi Fort Sill a Oklahoma, injiniya da 'yan sandan soja Fort Leonard Wood a Mizuri, masu sadarwa Fort Gordon a Jojiya, masu leƙen asiri Fort Huachuca a Arizona, masu kula da kayan aiki Fort Lee a Bajiniya. Yaro ya sauka wurin da bai san kowa ba, ga shi yana ganin ya zama cikakken soja an tafa mishi, sai ya tarar shi ne na ƙarshe a layi kuma, 'yan ajin gaba suna mishi kallon sabon zuwa. Ga waya a hannu yana ganin abokansa na waje suna harkokinsu. Lokacin ne kewa take samun wurin zama. Shi ya sa kika ji ya fi walwala a wancan lokacin, can bai da sararin jin komai.

Zaman jiran aji kuwa ya kan faru sosai. Makaranta na buɗe aji ne a kan jadawali kuma kowane aji da adadin kujerunsa, in ka iso tsakani sai ka jira na gaba, wani kwana kaɗan wani makonni. Kuma soja ba ya barin mutum ya zauna hannu rabbana, dole a nema maka aiki ko da sharar da aka riga aka yi ce. Ni a ganina wannan zaman ya fi komai cin rai a duk kwas ɗin, domin ranar gamawarka ba ta fara ƙirguwa ba, kana nan dai kana tsufa a wuri ɗaya. Da zarar aji ya fara za ki ji zancensa ya koma ƙorafin rashin lokaci.

Maganar abokin tafiya doka ce, ba wai an raina shi ba ne. Duk ɗalibin da bai gama horon shiga soja ba sai da na biyu yake yawo, don in wani abu ya samu ɗaya akwai shaida akwai mai kai ɗauki, kuma yana kare yaran daga masu son cutar da su a keɓe. Sannan horon mataki-mataki ne da launi, a tirenin ɗin farko akwai irin su ja da fari da shuɗi, a AIT kuma mataki na huɗu baƙi, na biyar ruwan zinare. Wanda ke na huɗu kullum cikin kaki, ba fita wajen bariki. In ya ci jarabawarsa ya ci gwajin motsa jiki bai yi laifi ba sai a ɗaga shi, ya fara sa kayan gida a ƙarshen mako ya samu fas na fita gari, gwargwadon abin da kwamandan wurin ya yarda. Kuma yadda ake bayarwa haka ake ƙwacewa, makara ɗaya wajen ƙirgar dare ko a samu loka a buɗe ko ɗaki ba tsabta sai ka ga mutum ya dawo baya. Diril saja, wato sajojin da ke horar da sababbin shiga, ma suna nan. An taɓa cire su daga makarantun nan kusan shekara goma, sai a 2018 aka fara dawo da su saboda manya sun ga yaran suna isa bataliya ladabin ya yi sako-sako. Don haka kar ya zata ihu ya ƙare, ya dai ragu.

Batun canza aiki, ki faɗa mishi gaskiya ko ba daɗi. Aikin yana rubuce a kwantiragin da ya sa wa hannu, ba a canzawa don mutum ya ji tsoron littafi. Hanyar da aka fi canza wa ɗalibi aiki ita ce in ya faɗi kwas, kuma a nan ba shi ke zaɓa yadda ransa ke so ba, inda rundunar ke da giɓi nan ake duba. Na ga yaro da ya zo da aikin da mutane ke rububi ya yi wasa ya ƙare a wanda ko a mafarki bai nema ba. Barin soja ma ba kaman barin aikin kamfani ba ne da za ka ajiye takarda ka kama gabanka, takardun sallama suna ɗaukan lokaci, sau da yawa 'yan ajinka za su gama su tafi kai kana nan kana shara kana jiran sa hannu. Ya bari aji ya fara tukun, ya ga kamun ludayin abin, kafin ya yanke wa kansa hukunci.

Medik68

Anti sannu da ƙoƙari. Ni kwas ɗin da zai yi na yi, bari na faɗa miki yadda yake don ki san abin da za ki dinga tambayarsa.

Sati 16 ne, a Fort Sam Houston da ke San Antonio a Teksas ake yi. Kashi biyu ne. Na farko karatun EMT ne irin na ma'aikatan motar asibiti na farar hula, a ƙarshensa akwai jarabawar National Registry, wato ta samun shaidar EMT ta ƙasa, a kwamfuta, kuma sai ka ci ta za ka wuce gaba. Abin da a kwaleji ake ɗaukan zango guda ana koyarwa shi ake dunƙulewa a 'yan makonni, yau an yi zuciya gobe huhu jibi an shiga haihuwa, gwaji na bin gwaji. A nan aka fi zubar da mutane, kuma yawancin waɗanda na ga sun faɗi ba daƙiƙai ba ne, barci ne da waya suka kayar da su. Ka tashi tun duhu ka yi gudu, ka yi wanka a gurguje, a jera ku a taka da ku zuwa aji, ka zauna a ɗaki mai sanyin na'ura malami yana ta juya hotuna a allo, wlh idonka zai rufe ko ba ka so. Abin da ake yi shi ne da ka ji ya fara ɗaukarka ka miƙe ka koma bayan aji ka tsaya da littafinka a hannu, ba mai hana ka, malamai sun fi son haka a kan su kama ka kana gyangyaɗi. Da yamma kuma ɗan lokacin da ya rage kafin a kashe fitila shi ne duk jarin mutum. In ya tafi a bidiyo kol da gida da kallon TikTok to gobe akwai matsala.

Zaman jiran nan da yake ƙorafi a kai, in da ni ne shi riba zan ɗauke shi. Ya roƙi ɗan ajin gaba ya ara mishi littafin ko ya nuna mishi babin farko-farko, ya sayi ƙananan katuna ya dinga rubuta kalma a gaba ma'anarta a baya ya zuba a aljihun wando, duk tsayuwar layin cin abinci ya ciro ya duba. Maganar Turanci kar ta dame shi sosai. Kalmomin asibiti yawancinsu daga Latin da Girkanci suke, wanda aka haifa da Turancin ma baƙi ne a wurinsa, kowa daga sifili yake farawa, kuma gutsattsari ne da ake haɗawa, in ka riƙe na zuciya da na sauri da na jini da na ƙaranci sai ka ga dogayen kalmomin suna warwarewa da kansu. Inda zai fi buƙatar kulawa shi ne salon tambayoyin, za a ba ka labarin majinyaci da amsa huɗu, biyu duk daidai ne amma ana son wadda za ka fara yi. Wannan sai da yawan gwada tambayoyi, kuma ya samu mutum biyu ko uku masu hankali su dinga yi wa juna tambaya. In bai gane abu ba ya ɗaga hannu, ba a korar mutum don ya yi tambaya. In ma ya faɗi gwaji ba shi ke nan ba, ana ƙara mishi darasi ya sake, in abin ya ci tura a maida shi ajin baya ya maimaita. Akwai ƙwararrun medik da yawa da suka bi ta nan.

Kashi na biyu shi ne na soja zalla kuma nan ne daɗin yake. Ana koya maka jerin da ake bi a kan wanda ya ji rauni, MARCH, wato ka fara da zubar jini mai yawa, sai hanyar iska, sai numfashi, sai zagayawar jini, sai kare shi daga sanyi da duba raunin kai. Jini aka sa a gaba saboda shi ne kan gaba wajen kashe sojan da da an yi sauri zai rayu. Za su ɗaura wa juna turniket, wato maɗaurin da ke tsayar da zubar jini, har sai hannu ya iya da kansa, ka zura shi can sama a cinya ka ja igiyar ta kama tam, ka murɗa sandar har sai jini ya tsaya bugun jini a ƙasan wurin ya ɓace, ka maƙale ta ka rubuta lokaci a jiki, abokin naka yana cije haƙori don in bai yi zafi ba to ba ka ɗaure ba. Za su soka wa juna allurar ƙarin ruwa, hannun kowa duk tabo. Can ƙarshe a fita da su daji a Camp Bullis, cikin hayaƙi da ƙara da duhu ka ja mutum da kayansa ka yi mishi aiki. Ranar da ya fara yin wannan ba na jin zai sake zancen canza aiki.

Amma ƙwaurin nan Anti, shi ne abin da ya fi tsaya min a duk rubutunki. Ciwon ƙwauri na masu gudu yana warkewa da ɗan hutu da canza takalmi, amma in aka yi ta taka shi yana iya komawa tsagewar ƙashi, kuma wannan watanni yake ci. Ki tambaye shi, ciwon ya bazu ne a tsawon ƙashin ko wuri ɗaya ne da zai iya nunawa da ɗan yatsa, kuma yana mishi ko yana zaune ko da dare? In wuri ɗaya ne kar ya ƙara kwana. Ko ma wanne ne ya je layin asibiti na safe, za su duba shi su ba shi takardar da ke hana a sa shi gudu na wasu kwanaki. Yanzu da aji bai fara ba babu darasin da zai rasa, babu lokacin da ya fi wannan. Kuma mutumin da zai zama mai duba lafiyar wasu bai kamata ya fara da ɓoye tasa ba.

Matar Soja

'Yar uwa ni ta ɓangaren gida zan yi magana don na zauna a kujerar da kuke. Maigidana lokacin da yake makarantar nan haka na dinga yi kaman Mama, in na kira bai ɗauka ba sai zuciyata ta yi ta saƙe-saƙe. Ashe da rana wayar ma ba ta hannunsa ko tana kashe, in aka kama ta tana ƙara a aji ko a fareti shi zai sha, wani lokacin har a haɗa da sauran. Ki zaunar da Mama ki mata bayani a hankali cewa rashin ɗauka ba rashin lafiya ba ne. Ku tsayar da lokaci, shi zai kira, minti goma ko sha biyar da yamma, doguwar hira a bari sai ƙarshen mako. Mama in tana son ya ji muryarta ta yi mishi saƙon murya na addu'a ya saurara in ya samu sarari, wannan ya fi mis kol ashirin amfani.

Kuma don Allah a rage kai mishi ƙananan matsalolin gida, wane ya ce wance ta ce, kuɗin kaza bai cika ba. Ba abin da zai iya yi daga can sai dai ya kwana da shi a rai. In ya fara ƙorafi ki bar shi ya zazzage, ba kowane ƙorafi ke neman magani ba, wani yana faɗa miki ne don ba zai iya faɗa wa saja ba. Kar ki ce mishi ai kai ka kai kanka, kar kuma ki ce to ka dawo gida mana. Ki tambaye shi su waye 'yan ɗakinsa, me ya koya yau, in aji ya fara ki ce ya turo miki hoton katunan ki dinga mishi tambaya ta waya, kin ga an yi hira an yi karatu.

Abu ɗaya da ya kamata kowane gida ya sani, in Allah ya kiyaye wani babban abu ya faru kaman rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani ta makusanci, ta Red Cross ta Amurka ake bi. Su za su tabbatar da labarin su aika wa kwamandansa, shi kuma ya duba batun hutun gaggawa. Don haka tun yanzu ki karɓi cikakken sunan kamfaninsa da bataliyarsa da adireshin ki rubuta ki ajiye. Hutu kuwa yana tara kwana biyu da rabi duk wata, 30 a shekara, amma ba a ɗauka a tsakiyar kwas sai in ya faɗo ƙarshen Disamba da makarantun ke tsayawa kusan sati biyu.

Ɗan Bariki

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne amma ni ina da ja a wuri ɗaya, da girmamawa ga Baba Saja. Kar mu yi saurin cewa haka kowa yake ji mu rufe zancen. Eh yawanci kewa ce da gajiya, amma ba duka ba. Ita ce ta san ƙaninta, ita ta ce muryarsa ta canza. Akwai bambanci tsakanin yaron da ke cewa na gaji da shara da wanda ya daina cin abinci, ba ya barci ko an ba shi dama, ya daina kula kowa, ko ya fara maganganu irin su ba ni da amfani ko gara ma ba na nan. In kika ji irin wannan kar ki jira aji ya fara, ki tambaye shi kai tsaye ba kwana-kwana. Akwai malamin addini na soja a kowace bataliya, abin da ka faɗa mishi sirri ne ba ya kai wa kwamanda, kuma yana sauraron kowa ko addininku ba ɗaya ba. Akwai ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin bariki. Akwai lambar taimakon gaggawa ga mai cikin matsananciyar damuwa, 988 a danna 1, ta sojoji ce da tsofaffin sojoji dare da rana, ke ma za ki iya kira a kansa.

Sannan ki bincika ko wani ne ke takura mishi, ɗalibi ko babba. Horo daban cin zarafi daban, dokar soja ta hana duka da zagin ƙabila ko addini da taɓa mutum ta hanyar banza, kuma akwai ofisoshin kai ƙara da ba sai ka bi ta hannun wanda ya maka ba. Yara sabbi da yawa ba su san suna da wannan haƙƙin ba.

Tsohon Saja

Ɗan Bariki ka yi gaskiya kuma na karɓa, wannan ya kamata ta fara tantancewa kafin komai.

Bari na ƙara abu ɗaya da ba ki tambaya ba ƙanwata amma yana tafe. Yanzu kuna fama da yaron da ya yi sanyi, nan da 'yan makonni in an ɗaga shi mataki na biyar za ku yi fama da yaron da ya ji iska. Albashi na shigowa ranar 1 da 15 ga wata, ya taru tun tirenin ɗin farko don ba inda ya kashe, ba haya ba kuɗin abinci, yaro bai taɓa ganin kuɗi haka a asusunsa ba. Kuma a bakin kowane bariki akwai masu jiransa, dillalan mota da masu ba da bashi, sun san ranar albashi fiye da shi. Akwai wani yaro da na riƙe, ya iso mana da mota mai ƙyalli da bashin shekara shida a wuya, bayan kuɗin wata da inshora abin da ke rage mishi ko mai ba ya isa ya zuba, motar tana fake yana bin abokai. Dokar Military Lending Act ta hana a ɗora wa soja ruwan da ya wuce kashi 36 cikin ɗari a yawancin basussuka, amma bashin sayen mota da motar ce jingina bai shiga ciki ba, kuma ko 36 ɗin ai halaka ce. In yana da tsohon bashi tun kafin ya shiga, dokar SCRA ta ba shi dama ya rubuta a sauke ruwan zuwa kashi 6. Ki ce mishi kar ya sa hannu a kowace takarda a wajen bariki sai ya gama ya ga inda aka tura shi, in ya matsu ya kai ofishin lauyoyin soja su karanta mishi, kyauta ne.

Sai dokokin fas. Lokacin dawowa, iyakar nisan da aka yarda, abokin tafiya, ya riƙe su da gaske. Laifin da yake ganin ƙarami yana iya kai shi gaban kwamanda a Article 15, a yanke albashi ko a rage muƙami tun bai fara ba. Ya lura da wa yake fita.

Yayar Kurtu

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh kun sauke min nauyi. Jiya na yi magana da shi doguwa, na bi shawarar Ɗan Bariki na tambaye shi ba ɓoye-ɓoye, yace a'a shi ba abin da yake tunanin yi wa kansa kuma ba wanda ya taɓa shi, yana cin abinci, abin da ke cinsa shi ne tsoron kar ya faɗi ya ba mu kunya bayan duk an san ya tafi, da kuma zaman banzan nan. Nace mishi mu ba jarabawa muka aika shi ya ciyo mana ba, ya yi iya ƙoƙarinsa kawai. Na karanta mishi abin da Medik ya rubuta kan turniket sai ga shi yana ta tambaya, har yace ashe su ma za su yi wa juna allura.

Ƙafar yace ciwon a bazu yake ba wuri ɗaya ba, amma na matsa mishi ya yi alkawarin zai je asibitin da safe. Mama kuma mun yi da ita shi zai dinga kira, ta yarda da ƙyar, yau dai sau biyu kawai na kama ta da wayar a hannu. An ce musu wataƙila sati mai zuwa su fara aji.

Tambaya ɗaya ta rage Medik, takardar hutun gudun nan in an ba shi ba za ta hana a ɗaga shi mataki na gaba ba? Shi abin da yake tsoro ke nan.

Medik68

Tana iya jinkirta shi kaɗan Anti, don ɗagawar na tafiya da cin gwajin motsa jiki kuma akwai gudun mil 2 a ciki, in takardar ta hana gudu sai ya warke zai yi. Amma ta 'yan kwanaki ba ta hana shi zama a aji, karatunsa zai ci gaba da 'yan ajinsa. Ya dinga yawo da ita a aljihu don duk sajan da ya tambaya ya nuna, kuma ya bi abin da aka rubuta daidai, kar a ce kar ya yi gudu a gan shi yana buga ƙwallo da yamma. In sun ce ya koma a sake dubawa ya koma. Ya kuma kai musu takalmin gudun nasa su gani, tun na tirenin ɗin farko ne nasan ya gama cinyewa.